Babi na Biyar: Me Sojan Ruwa Zai Yi da Mujalla?

Duk wanda ya taɓa zaman jira a ofishin soja ya ga irinta a kan tebur. Takarda ce mai sheƙi, da hoton babban hafsa sanye da fararen kaya a bango, a ciki kuma ga jiragen ruwa, ga fareti, ga matan hafsoshi suna rabon kayan tallafi. Mutum yakan buɗa shafi biyu ko uku ya ajiye, ya ce a ransa, to wannan kuma ta mece ce? Rundunar da aka kafa don tsaron teku, wadda kullum take kukan kuɗin mai da na gyaran jirage, me ya kai ta ɗaukar edita da mai hoto da biyan maɗaba'a? Wa ma yake karantawa?

Tambayar tana bisa hanya. Sai dai da wuya ka sami babbar rundunar ruwa a duniya wadda ba ta da tata. Amurka tana da All Hands, Birtaniya tana da Navy News, Rasha tana buga Morskoi Sbornik tun 1848. A Najeriya sojan ruwa suna da The Sailor, kamar yadda na ƙasa suke da Soja, na sama kuma The Airman. Idan rundunonin da ba su haɗa harshe ko aƙida ba suka taru a kan abu ɗaya, lalle akwai wata buƙata da ta haife shi.

Runduna a warwatse

Kwamandan sojan ƙasa idan yana da magana, sai ya sa a busa bigila, bataliya ta jeru a filin fareti, ya faɗi abin da zai faɗa kowa ya ji da kunnensa. Babban hafsan sojan ruwa ba shi da wannan gata. Mutanensa suna cikin jirage daban-daban, wani yana tashar gida ana masa gyara, wani yana sintiri, wani ya yi wata shida bai ga iyalinsa ba. Na cikin jiragen ƙarƙashin ruwa na Birtaniya masu ɗauke da makaman nukiliya sukan nutse wata uku ko fiye, kuma abin da ke isa gare su daga gida bai wuce gajeren saƙo ba, wanda ba su da damar mayar da amsarsa, don kada a gane inda jirgin yake.

Inda labari ya yanke, jita-jita ke cike gurbin. An ce an ƙara alawus, an ce an soke. An ce an canza ƙa'idar jarrabawar ƙarin girma. An ce za a sallami masu sana'a kaza. A cikin jirgi, inda mutane suke ci tare su kwanta gado bisa gado, magana ɗaya takan zagaye kowane lungu kafin a sauya masu gadi. Umarnin hukuma kam yana zuwa, amma da harshen ofis yake zuwa, cike da lambobi da gajerce-gajerce, kuma galibi a hannun kyaftin da magatakardansa yake tsayawa. Kurtun da ke can ƙasa cikin ɗakin inji ba lalle ya gan shi ba, in ma ya gani ba lalle ya fahimta ba.

Akwai kuma wata rarrabuwar ta cikin gida. Babban jirgin dakon jiragen yaƙi na Amurka yakan ɗauki mutum wajen 5,000. Mai dafa abinci bai san wahalar mai gyaran na'urar hangen nesa ba, shi kuma bai san abin da mai nutso yake fama da shi ba. Tilas a sami wani abu da zai riƙa nuna musu junansu, in dai ana so su ji cewa runduna ɗaya suke.

Daga takardar sanarwa zuwa mujalla

Tarihin All Hands ya nuna yadda buƙatar take girma. A watan Agustan 1922 aka fara ta, a matsayin takardar sanarwa ta ofishin da ke kula da al'amuran ma'aikata, 'yan shafuka da aka buga da tafireta, babu hoto babu ado. A lokacin rundunar ba ta kai girman da ta yi daga baya ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya juya komai. Rundunar da a 1939 take da mutum kusan 125,000 ta haura miliyan 3 a 1945. Manoma, malaman makaranta, direbobi da 'yan kanti suka wayi gari cikin kayan sojan ruwa, ba su san haƙƙinsu ba, ba su san yadda ake neman ƙarin girma ba, ba su san me zai sami iyalinsu in sun mutu ba. Takardar sanarwa ta kumbura ta zama mujalla mai hotuna da zane-zanen barkwanci, a watan Yunin 1945 kuma aka sa mata sunan da take amsawa har yau, wanda asalinsa kiran da ake yi ne a jirgi idan ana son kowa da kowa ya fito.

Wani ɗan abu a bangon bugun wancan zamani ya fi komai bayyana yadda aka ɗauke ta. Akan rubuta cewa kowane kofi na mutum 10 ne, wanda ya gama ya miƙa wa na gaba. Takarda ta yi tsada, wurin ajiya a jirgi kaɗan ne, saboda haka lissafin raba ta ke nan: kofi ɗaya ga kowane mutum 10. Kafin ta zagaya ta dawo, ta sha maiƙo da gumi, bangon ya yage.

Shafin da kurtu ke fara buɗewa

Hafsoshin hedkwata sukan ɗauka cewa jawabin babban hafsa shi ne zuciyar mujalla. Mai igiya ɗaya ko biyu a hannun riga ba can yake nufa ba. Abin da ya dame shi albashi, alawus ɗin zaman teku, ranar jarrabawa, kwas ɗin da aka buɗe, canjin wurin aiki, fansho, da gidan da iyalinsa za su zauna. All Hands ta daɗe tana da sashen da ake warware sababbin dokoki da harshe mai sauƙi, da kuma shafin wasiƙu inda soja zai tambayi, misali, ko shekarun da ya yi a wani aiki za su shiga lissafin ritayarsa, edita ya bi ofishin da abin ya shafa ya samo amsa ya buga. Tambayar mutum ɗaya ce, amma ɗaruruwa ne ke jiran amsarta, waɗanda wataƙila kunya ko tsoron na gaba ya hana su tambaya.

Navy News ta Birtaniya, wadda aka fara a Portsmouth a 1954, ta ƙara da wata dabara mai ban sha'awa. Ta daɗe tana buga wani sashe inda sojan da aka tura wani jirgi ko wata tasha da ba ta yi masa ba zai sa sanarwa yana neman mai muƙami da sana'a irin tasa da za su yi musaya, in hukuma ta amince. Wanda matarsa take Plymouth aka tura shi Sikotilan, sai ya sami ɗan Sikotilan da aka turo kudu, kowa ya koma kusa da nasa. Ga kuma sanarwar taron tsofaffin abokan jirgi, da sunayen waɗanda suka rasu, da wasiƙun jikoki masu neman wanda ya san kakansu a wani jirgin da ya nutse tun zamanin yaƙi. Ga zanen barkwanci na Tugg Willson, wanda ya shekara da shekaru yana zana wani ƙaramin soja mai suna Jack da ke faɗin abin da sauran suke gunaguni a kai.

A ganina waɗannan ƙananan shafuka su ne jarin mujallar. Su ke sa a ɗauke ta, kuma sai an ɗauka ne ido zai faɗa kan saƙon babban hafsa.

Yadda bugu ɗaya ke haɗuwa

Ofishin edita yawanci ƙarami ne, yana ƙarƙashin sashen yaɗa labarai na hedkwata. Wasu rundunonin farar hula suke ɗauka, tsofaffin 'yan jarida, wasu kuma sojoji suke horarwa. Amurka ta mai da aikin jarida sana'a mai zaman kanta a cikin rundunar tun 1948, da jarrabawarta da matakan ƙarin girmanta, kamar ta makaniki ko ta ma'aikacin jinya. A 2006 ta haɗe ta da ta masu hoto, masu ɗab'i da masu zane ta zama sana'a ɗaya, kuma a makarantar Fort Meade da ke jihar Maryland ake horar da su. Ba aikin rainawa ba ne. Alex Haley, marubucin Roots, a rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ya koyi rubutu. Ya shiga a 1939 yana hidimar ɗakin cin abinci, abokansa suna ba shi ɗan abin hasafi ya rubuta musu wasiƙun soyayya, kafin ya yi ritaya a 1959 ya zama babban ɗan jaridan rundunar na farko.

Edita ba zai iya zuwa kowane jirgi ba, saboda haka da wakilai yake aiki. A ƙananan jirage akan ɗora wa wani ƙaramin hafsa wannan nauyi a kan ainihin aikinsa, kuma sau da yawa shi ne aikin da ya fi ƙi. Ya rubuta labari bayan ya sauka daga gadi, ya kai wa kyaftin ya sa hannu, a aika. Abin da ke isowa ofis kan zo iri ɗaya: jirgi kaza ya ziyarci tasha kaza, an buga ƙwallo, an yi wa wata makaranta fenti. Gwanintar edita ita ce ya tono mutum daga cikin wannan busasshen rahoto, ya buga waya ya tambaya, wa ya gyara injin da ya mutu a tsakiyar teku, da me ya gyara, kwana nawa bai yi barci ba.

Daga nan sai dubawar jami'in tsaro, sai tsara shafuka, sai maɗaba'a, sai buhun wasiƙu, wanda zai jira jirgin a tasha ta gaba ko jirgin kai kaya ya isar masa a teku. Kafin mujalla ta shiga hannun mai karatu, labarin cikinta ya yi makonni. Don haka editan da ya san aikinsa ba ya tseren ba da labari da rediyo. Bayani yake yi, da tarihi, da hoton da mutum zai yanke ya aika gida.

Batun kuɗi kuwa kowa da tsarinsa. All Hands daga kasafin gwamnati ake biyanta, ba ta ɗaukar tallan 'yan kasuwa. Navy News tana ɗaukar talla, ana kuma sayar da ita ga tsofaffin sojoji da sauran jama'a.

Almakashin jami'in tsaro

Mujallar cikin gida ce, amma ba a cikin gida take tsayawa ba. Ofisoshin jakadancin ƙasashen waje suna karanta irin waɗannan mujallu a tsanake, domin guntu-guntun bayani da ba su da wata illa a ɗaiɗaikunsu sukan ba da cikakken hoto idan aka jera su. Shi ya sa ba a buga ranar da jirgi zai tashi ko tashar da zai nufa. Ana duba bayan kowane hoto, kada allon na'ura ko taswirar da ke jikin bango ta fito. Farfelar jirgin ƙarƙashin ruwa ma akan lulluɓe ta idan an fito da shi gyara, saboda siffarta tana iya nuna wa masani irin ƙarar da jirgin ke yi a ruwa. Sunan wanda ya mutu kuwa ba ya fita sai an sanar da iyalinsa.

Tsoron yana da tushe. Ranar 7 ga Yunin 1942, ana gama gwabzawar Midway, jaridar Chicago Tribune ta buga labarin da ya nuna cewa Amurka ta san jerin jiragen Japan tun kafin a haɗu. Mai hankali zai iya gane cewa an fasa asirin saƙonnin Japan ke nan. Gwamnati ta nemi gurfanar da jaridar, amma maganar ta mutu, domin shari'ar kanta za ta tona abin da ake son rufewa. Jaridar waje ce ta yi wannan, amma darasin ya zauna a kan teburin kowane editan soja.

Matsalar ita ce almakashin da aka ba mutum don kare jirgi yana da daɗin amfani wajen kare sunan oga. Kalmar sirri takan faɗaɗa har ta rufe abincin da ya lalace, da gidajen bariki masu yoyo, da alawus ɗin da ya makale. Abokin gaba ba ya ƙaruwa da komai in ya ji waɗannan, kuma sojan da ke karantawa ya riga ya san su, tunda shi ke cikinsu.

Tsoho mai faɗa

Akwai inda rundunar Amurka ta gane cewa ɓoye kuskure kisa yake yi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, samarin matuƙan jiragen samanta suna ta mutuwa a haɗurran da ganganci ko rashin kula ya jawo, ba harsashin kowa ba. A watan Janairun 1943 mujallar sashen jiragen sama, wadda daga baya aka sani da Naval Aviation News, ta fito da wani ƙirƙirarren tsoho mai dogon gemu da saurin fushi, Grampaw Pettibone, wanda Robert Osborn ya zana. A kowane bugu sai a kawo labarin haɗari na gaske, ba tare da sunan matuƙin ba, daga nan tsohon ya hau faɗa, yana zayyana wautar da aka tafka. Matuƙa suna dariya, amma darasin yana shiga, don ba wanda yake so a gane cewa da shi tsoho yake. Osborn ya ci gaba da zana shi har 1994.

A 1955 aka ƙara da wata mujallar, Approach, inda matuƙa da kansu suke rubuto yadda suka kusa hallaka da abin da suka yi ba daidai ba. A wurin da muƙami ya dogara da tsabtar fayil, samun hafsa ya sa sunansa a ƙarƙashin labarin kuskurensa ba ƙaramin abu ba ne. Sai da hukuma ta nuna a aikace cewa mai faɗin gaskiya ba zai sha hukunci a kanta ba.

Mai shela ko maroƙi

A fada akwai mai shela, wanda ke isar da saƙon sarki ga talakawa, akwai kuma maroƙi, wanda ke gaya wa sarki abin da yake son ji. Mujallar runduna an kafa ta ne ta yi aikin na farko, amma kullum ana janta ta koma na biyu, domin wanda ke sa hannu a kan kuɗinta da ƙarin girman editanta shi ne mai anini a kafaɗa. Alamar ta faɗa ramin ba ta da wuyar ganewa. Ƙirga hotunan babban hafsa a bugu ɗaya, sannan ka ƙirga na kurata da aka ambaci sunayensu.

Rasha ta taɓa gwada akasin haka, har abin ya ba mutane mamaki. Bayan da Yarima Konstantin, ɗan sarki Nikolas na Ɗaya, ya karɓi ragamar ma'aikatar sojan ruwa a 1853, ya buɗe shafukan Morskoi Sbornik ga muhawara, a ƙasar da ake tace kowane layi kafin a buga. A lokacin yaƙin Kirimiya ta riƙa buga sunayen waɗanda aka kashe ko aka raunata a Sebastopol, har da ƙananan sojoji. Aka tattauna gyaran kotunan soja da batun bulala a cikinta. Marubuci Goncharov ya buga sassan labarin tafiyarsa ta teku a can, a 1856 kuma likitan tiyata Pirogov ya fitar da maƙalarsa kan tarbiyya da ilimi wadda ta tayar da muhawara a ƙasar baki ɗaya. Farar hula da ba su taɓa taka jirgi ba suka riƙa neman mujallar sojan ruwa. Amma abin ya dogara ne da mutum ɗaya mai ƙarfi a sama, kuma da iskar siyasa ta juya, mujallar ta koma kan batutuwan sana'arta.

Wannan ita ce iyakar kowace mujallar cikin gida, kuma bai kamata a yi mata ƙarya ba. A 2017 jiragen yaƙin Amurka biyu, Fitzgerald a kusa da Japan da John S. McCain a kusa da Singafo, suka yi karo da jiragen 'yan kasuwa, sojoji 17 suka mutu. Rundunar ta fitar da rahotonta, amma zurfin binciken da ya nuna yadda aka daɗe ana gargaɗi kan gajiya, ƙarancin ma'aikata da ƙarancin horo, daga waje ya zo, musamman daga ProPublica, wadda ta ci lambar Pulitzer a 2020 a kan aikin. Ba wanda zai sa ran editan da ke sanye da kaki ya binciki wanda yake sara wa. Shi ya sa a Amurka ake da Navy Times, jaridar 'yan kasuwa tun 1951, da Proceedings, wadda wata ƙungiya mai zaman kanta take bugawa a Annapolis tun 1874, inda hafsa zai iya sukar manufar rundunarsa da sunansa.

Abin da za a iya nema daga ta cikin gida ya fi wannan sauƙi, ko da yake shi ma ba kowa ke iyawa ba: kada ta faɗi abin da mai karatu ya san ƙarya ne. Sojan da ya ga an rubuta cewa kowa na murna da sabon tsarin da shi da abokansa suke tsinewa, ba zai sake yarda da shafin albashi ba, ba zai yarda da gargaɗin kiyaye haɗari ba.

Bayan takarda

A 2011 aka daina buga All Hands a takarda, a 2013 ta dawo a intanet. Yanzu sanarwar ƙarin girma takan isa wayar soja kafin kyaftin ɗinsa ya gani, matarsa kuma tana ganin hoton jirgin a Facebook ranar da aka ɗauka. Jita-jita ma ta sami wannan saurin, ta ma fi. Aikin edita bai ragu ba, lokacin da yake da shi ne ya ragu, haka ma na jami'in tsaro, wanda a da shafi 60 yake dubawa a wata, yanzu kuwa kowane kurtu yana yawo da kyamara a aljihu.

Mu ma nan abin ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Rundunar sojan ruwan Najeriya, wadda aka kafa a 1956, tana da manyan shiyyoyi a Legas, Kalaba da Yenagoa, tana kuma da sansani a Baga, bakin Tafkin Chadi. Yaron da ya tashi a Azare ko Daura ya tafi Onne ya yi horo, iyayensa ba su taɓa ganin teku ba, ba su san me yake yi a can ba. Shafi ɗaya da ya nuna shi a bakin aikinsa, da sunansa da garinsu, zai yi wa rundunar amfanin da hotuna 20 na yanka ƙyalle ba za su yi ba, musamman in an yi bayanin da harshen da tsohuwarsa take ji.

Duk wannan magana ce ta runduna da mutanenta. Lamarin yakan canza kama idan mai alƙalamin ba ya sara wa kowa. A 1982, da Birtaniya ta tura jiragenta yaƙin tsibiran Falkland, ta ɗauki 'yan jarida ƙalilan a cikinsu, kuma duk labarin da za su aika gida sai ya bi ta na'urorin rundunar da hannun masu tacewa. Yadda aka kwashe tsakanin ɓangarorin biyu shi ne abin da babi na gaba zai duba.